Yadda ake haɗa firji da wutar jirgin ruwa ba tare da jawo gobara ba

Firjin da aka gwada a shago ya yi sanyi ƙalau yana iya ƙin tashi a daren farko da aka sa shi cikin jirgin ruwa, kuma idan aka bi diddigi, sau da yawa za a tarar laifin yana ga wayar da ta kawo masa wuta daga batir. Wutar ƙaramin jirgi bolt 12 ce, a wasu manyan jirage kuma 24, wato ƙarfinta kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da bolt 230 na gida, saboda haka duk ɗan abin da ya salwanta a kan hanya firjin zai ji shi a jikinsa. Amma wannan ƙarancin kada ya ruɗi kowa, domin batir guda ɗaya yana iya fitar da ɗaruruwan amfiya a lokaci guda idan wayoyi biyu suka haɗe, abin da ya isa ya mayar da waya jajur cikin daƙiƙoƙi ya kunna robar da ke jikinta. A ƙasa mutum yana da wurin gudu, a tsakiyar Tafkin Kainji kuwa, da tankin fetur a gefen ƙafarsa, ba shi da shi.

Irin firjin da ya dace da jirgi

Firjin da ya fi dacewa shi ne wanda aka ƙera shi tun asali don ya ci wutar batir kai tsaye, mai kwamfreso, wato injin da ke matsa gas don samar da sanyi, na bolt 12 ko 24. Da yawa daga cikin irin waɗannan suna ɗauke da kwamfreso mai lamba BD35F, wanda kamfanin Danfoss ya fara yi, yanzu kuma yake fitowa da sunan Secop, ko kuma wani da aka kwaikwaya daga gare shi. An yi shi ne don ya jure karkata da girgiza, yana kuma cin kimanin amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) 3 zuwa 5 a kan bolt 12 yayin da yake aiki, gwargwadon saurin da aka saita masa.

Akwai wasu iri biyu da ban ga dalilin saka su a jirgi ba. Na farko shi ne akwatin sanyi mai fanka kawai, wanda ba shi da kwamfreso: yana cin wuta dare da rana ba hutu, kuma iyakar abin da zai iya shi ne ya rage zafin cikinsa da digiri 15 zuwa 20 ƙasa da na waje, wanda a ranar da zafi ya kai digiri 40 a watan Afrilu ba zai hana kifi lalacewa ba. Na biyu shi ne firji mai aiki da gas ko kananzir, wanda yake buƙatar ya zauna daidai ba karkata, ga kuma harshen wuta a bayansa. Harshen wuta da tururin fetur ba sa zama jirgi ɗaya.

Lissafin batir kafin a taɓa waya

Kwamfreso ba ya aiki kullum, yana tashi ne ya huta. Idan yana cin amfiya 4, kuma yana aiki rabin lokaci, to a awa 24 ya ci amfiya-awa 48, wato abin da ake rubutawa Ah a jikin batir. A ƙasar zafi irin tamu, inda ake yawan buɗe murfi ana kuma zuba kaya masu ɗumi, ya fi kyau a yi lissafi da kashi biyu cikin uku na yini, wanda zai kai adadin wajen 64. Batirin dalma, ko mai ruwa ne ko rufaffe, ba a so a zuƙe fiye da rabin cajinsa idan ana so ya yi ƙarko, saboda haka batir mai Ah 100 abin da yake iya bayarwa cikin aminci 50 ne kawai, wanda bai kai abincin firjin na kwana ɗaya ba. Wanda yake son firjinsa ya kwana ya wuni ba caji yana buƙatar Ah 150 zuwa 200 na dalma, ko kuma batirin litiyam mai rubutun LiFePO4 na Ah 100, tun da shi ana iya amfani da kashi 80 cikin ɗari na cajinsa ba tare da an cutar da shi ba.

Kada firji ya ci daga batirin da ke tayar da inji. Wannan doka ce da ba ta da sassauci, domin firji ba ya sanin cewa gobe da asuba ana buƙatar inji. A ware masa batirinsa, idan kuma ana so inji ya riƙa cajin duka biyun, a sa tsakaninsu rile, wato makunni mai aiki da kansa, mai haɗa su lokacin da inji ke caji, ya raba su da zarar an kashe. Sai dai ƙananan injunan da ake rataya wa a bayan kwale-kwale, irin waɗanda ake gani a Yauri da Baga, cajin da suke bayarwa 'yan amfiya ne, wasu ma ba su da hanyar caji sam, don haka a aikace sola ce ke ɗaukar nauyin. Faifan sola mai wat 100 yakan tara kimanin Ah 25 zuwa 30 a rana mai haske, abin da ke nuna cewa firjin da muka lissafa yana son fiye da wat 200. Faifan yana shiga na'urar daidaita caji, na'urar ta shiga batir, firji kuma ya ɗauka daga batir. Wayar da ke tsakanin na'urar da batir ita ma tana buƙatar nata fis a kusa da batirin.

Shi kansa batirin a zaunar da shi cikin akwati, a ɗaure shi yadda ko jirgi ya karkata ba zai motsa ba, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke taruwa, a kuma rufe kawunansa da hular roba. Batirin dalma yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, don haka akwatin yana buƙatar kafar da iska za ta fita ta sama.

Kaurin waya

A nan ne aiki yake gyaruwa ko ya lalace. Kowace waya tana riƙe ɗan ƙarfin wutar da ke bi ta cikinta, kuma abin da take riƙewa yana ƙaruwa da tsawonta da yawan amfiyar da ke wucewa, yana raguwa da kaurinta. A wutar gida rasa rabin bolt ba komai ba ne, amma a bolt 12 rabin bolt ya haura kashi 4 cikin ɗari. Abin da ya sa wannan ya zama babban al'amari shi ne, akwatin sarrafa kwamfreso irin BD35F yana auna wutar da ta iso gare shi, idan ta faɗi ƙasa da bolt 10.4 sai ya kashe kansa don ya ceci batir, ba zai kuma sake tashi ba sai ta koma 11.7. A daƙiƙar da kwamfreso ke tashi yana jan wuta fiye da ta tafiyarsa, saboda haka idan wayar siririya ce, wutar takan nutse ƙasa da wannan iyaka ko da batirin yana da sauran caji. Sai ka ji firji ya yi ƙwas, ya yi shiru, bayan kamar minti ɗaya ya sake gwadawa, haka har gari ya waye. Mai jirgi sai ya ɗauka kwamfreso ne ya mutu, ya kai wa mai gyara, a gwada a shago da gajeriyar waya ya tashi lafiya lau.

Ana rubuta kaurin waya da murabba'in milimita, shi ne abin da 'yan kasuwa ke nufi idan suka ce 2.5 ko 4 ko 6 ko 10. Jadawalin da masu ƙera wannan kwamfreso suka bayar yana da sauƙin riƙewa a kan bolt 12: waya mai lamba 2.5 ba ta wuce mita biyu da rabi tsakanin batir da firji, mai lamba 4 mita huɗu, mai lamba 6 mita shida, mai lamba 10 kuma mita goma. A bolt 24 ana ninka waɗannan tsawon sau biyu. Ma'aunin kuwa shi ne hanyar da wayar za ta bi da gaske, da duk kwanoninta da zagayenta, don haka a shimfiɗa igiya a kan hanyar a auna igiyar.

Wanda yake son ya yi lissafin da kansa, ya haɗa tsawon zuwa da na dawowa a mita, ya ninka da amfiya, ya ninka da 0.0175, sannan ya raba da bolt ɗin da ya yarda ya rasa, abin da ya fito shi ne kaurin wayar da ake buƙata. Ƙungiyar ABYC ta Amurka, wadda ke fitar da ƙa'idojin ƙera ƙananan jirage, ta sa iyakar kashi 3 cikin ɗari ga kayan da ba a wasa da su, wanda a bolt 12 yake kama 0.36. Firji mai nisan mita 5, wato mita 10 zuwa da dawowa, mai cin amfiya 5, lissafinsa zai ba da kusan 2.4, amma wannan na lokacin tafiya ne kawai, bai ƙunshi jan wutar tashi ba, bai kuma ƙunshi abin da fis da makunni da mahaɗai ke riƙewa ba. Shi ya sa jadawalin masu ƙerawa ya kai ga lamba 6 a wannan nisan, kuma nasu ne ya kamata a bi. Ni dai ban taɓa jin wanda ya yi nadamar sayen waya mai kauri ba.

Irin wayar ma abin dubawa ne. Wayar gida mai sanda ɗaya ba ta jirgi ba ce, domin girgizar inji da dukan igiyar ruwa suna lanƙwasa ta a hankali har ta karye a cikin robarta inda ido ba ya gani. Ana neman mai silli-silli da yawa, ta jan ƙarfe zalla, mafi kyau kuma wadda aka shafe kowane silinta da kuza don kada laima ta cinye ta. A nan akwai abin lura a kasuwa, domin akwai wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, mai arha, wadda ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaskiya, tana kuma rugurgujewa a cikin danshi. A kankare silin da wuƙa: idan waje ja ne ciki fari, alminiyam ce, a mayar wa mai ita, idan waje fari ne ciki ja, wannan ita ce mai kuzar da ake nema.

Fis da inda yake zama

Aikin fis shi ne ya kare waya, ya yanke wuta kafin wayar ta yi zafin da za ta kama. Daga wannan ne ake gane wurin zamansa, domin duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai tsaronsa. Ƙa'idar ABYC ita ce fis ya kasance cikin inci 7, wato kimanin santimita 18, daga inda wayar ta ɗauki wuta, ana kuma yin rangwame kaɗan idan an sa wayar cikin bututun kariya. Fis ɗin da aka sa a bayan firji, da mita biyar na waya tsirara a gabansa, ado ne kawai. Yana zama ne a kan wayar da ta fito daga kan batir mai alamar +, kuma ga kwamfreso irin BD35F masu ƙerawa sun ce amfiya 15 a bolt 12, amfiya 7.5 a bolt 24. Wani firjin yana iya zuwa da nasa adadin a takardarsa, sai a bi wannan. A sayi gidan fis mai murfin da ke hana ruwa, a kuma ajiye biyu ko uku na ajiya a cikin leda kusa da batir. Idan fis ya ƙone, aka sa sabo ya sake ƙonewa, to akwai inda waya ta goge ta haɗe, kuma maye gurbinsa da silin waya ko takardar sigari, kamar yadda ake yi wa tsofaffin motoci, daidai yake da cire shi gaba ɗaya.

Idan jirgin yana da allon rarraba wuta, ana iya ba firji layinsa shi kaɗai daga nan, muddin wayar da ke ciyar da allon tana da kaurin da zai ɗauki komai a lokaci guda. Idan akwai shakka, a ja masa layinsa kai tsaye daga batir, da makunni mai ɗaukar amfiya 20 ko fiye. Soket irin na kunna sigari a mota ba wurin firji ba ne: yana sassautawa da girgiza, yana yin zafi, yana kuma tara tsatsa.

Ranar haɗawa

A fara da zaɓen mazaunin firjin. Zafin da yake cirewa daga cikinsa ta kwandensa, wato bututun da ke yin zafi a jikinsa, yake zubar da shi, saboda haka idan aka kulle shi a cikin kabad marar kafa zai riƙa shaƙar zafinsa, ya ci wuta ninki ba tare da ya yi sanyi ba. A bar masa mashigar iska ta ƙasa da mafita ta sama, a nisanta shi da inji da rana, a kuma ɗaure shi da jikin jirgi. Kada a ajiye shi, ko makunninsa, ko fis ɗinsa, a rufaffen wuri ɗaya da tankin fetur, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Kafin a ɗauki sifana, a cire zobe da agogon ƙarfe, a kashe cajin sola, sannan a kwance kan batir mai alamar − tukuna. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa bayan an gama haɗa wayoyi. A ja wayoyi biyu tare, ja don kan +, baƙa ko rawaya don kan −, a bi da su ta sama, nesa da ruwan da ke kwanciya a ƙasa da kuma bututun hayaƙi, ana kama su da maɗauri a kowane santimita 45 ko ƙasa da haka. Duk inda za su ratsa katako ko ƙarfe a sa musu zoben roba, domin gefen rami yana cin robar waya a hankali kamar zarto. A jirgin ƙarfe ko na alminiyam kada a yi abin da ake yi a mota, wato a bar jikin jirgi ya zama hanyar dawowar wuta, saboda wutar da ke yawo a jikin ƙarfen da ke cikin ruwa tana cinye shi. Wayar dawowa ta tafi har batir da kaurin 'yar'uwarta.

Mahaɗai sun fi kowane sashe saurin ba da matsala. Murɗe wayoyi biyu a naɗe su da tef ba ya shekara a kan ruwa. A kowane ƙarshe a sa kan waya mai zobe wanda ya dace da kaurin wayar da kuma ƙusar da zai hau, a matse shi da filayar da aka yi don wannan aiki, a ja shi da ƙarfi a ga ko zai zare, sannan a rufe wuyansa da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi, mai gam a ciki. Liƙi da dalma kaɗai bai wadatar ba, domin yana sandarar da silin wayar ya sa ta karye a daidai inda dalmar ta ƙare. A kan ƙusar batir, babban kan waya ne ke fara zama a ƙasa, ƙanana a samansa, kada su wuce huɗu, kuma kada a sa washa, wato zoben ƙarfen da ake sa wa noti, tsakanin kan waya da batir. Bayan an ɗaure noti sai a shafa ɗan giris a kai don hana tsatsa.

A tabbatar da ma'aunin wuta cewa jar waya ce ta tafi ga alamar + ta firji, a mayar da kan batir, a ƙarshe a sa fis.

Gwaji

Awon da aka yi firji yana kashe ba ya nuna komai, domin ko sili ɗaya ne ya rage a waya, ma'auni zai nuna cikakken bolt muddin ba a jan wuta. A jira kwamfreso ya tashi, a auna a kan batir, a kuma auna a bakin firji, bambancin kada ya wuce kimanin bolt 0.4. Idan ya wuce, a bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya. Bayan awa ɗaya ana aiki a taɓa gidan fis da makunni da kowane kan waya da hannu, wanda aka ji ya yi ɗumi a kwance shi a sake. Akwatin sarrafa kwamfreson Secop yana da wurin sa ƙaramar fitilar da ke faɗar damuwarsa da ƙiftawa: ƙiftawa ɗaya tana nufin wuta ta yi ƙasa, biyu fanka ta ja wuta fiye da kima, uku kwamfreso ya kasa tashi, biyar kuma akwatin ya yi zafi, wanda galibi ƙarancin iska ne. Washegari da asuba, kafin rana ta hau faifan sola, a kashe firjin na ɗan lokaci a auna batir; na dalma idan ya cika yana nuna wajen 12.6, idan ya sauko 12.2 ya kai rabi, kuma wanda ke kwana ƙasa da haka kullum ya yi wa aikin kaɗan. Masunci kuma ya sani cewa ƙaramin firji yana riƙe sanyin abin da ya riga ya yi sanyi ne, ba zai iya sanyaya babban kamu mai ɗumi cikin dare ɗaya ba, don haka ƙanƙara ba ta bar aiki ba tukuna.

Idan firjin gida ne kawai ke hannu

Ana iya tafiyar da firjin gida ta hanyar inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, sai dai tsadar ta koma kan batir. Kwamfreson gida yana jan ninki da yawa na wutarsa a lokacin tashi, saboda haka firji mai wat 100 yakan buƙaci inbata mai wat 1000, irin mai fitar da wuta tsaftatacciya kamar ta layin gari, kuma inbatar tana cin nata rabon ko firji yana hutawa. Inbata mai wannan ƙarfi tana iya jan kusan amfiya 100 daga batir, don haka a zaunar da ita kusa da shi, da gajerun wayoyi masu kaurin da takardarta ta faɗa, da babban fis nata a bakin batir. Yawancin firjin gida na yanzu suna ɗauke da gas mai lamba R600a, wanda ke kamawa da wuta, abin da ke ƙara wajabta barin iska tana ratsa mazauninsa.

Da zarar bolt 230 ya shigo jirgi, an shigo da abin da ke kisa. A bakin inbatar a sa makunnin da ke yanke wuta idan ta zurara, mai lamba 30 mA, a haɗa wayar at, wato wayar kariya da ke kwashe wutar da ta zurara, yadda masu ƙera inbatar suka tsara domin makunnin ya iya aikinsa, kuma wannan sashe a ba ƙwararren mai wayarin. Kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi duk ruwan daɗi ne, kuma wutar da ta zurara cikin ruwan daɗi ta fi haɗari ga mai iyo fiye da ta ruwan teku, saboda jikin mutum ya fi irin wannan ruwa ɗaukar wuta, sai ta bi ta cikinsa ta sandarar da gaɓoɓinsa ya nutse. Kada kowa ya shiga ruwa kusa da jirgin muddin inbata ko janareta yana kunne, kuma a danna maɓallin gwajin makunnin sau ɗaya a wata, a ga da ido cewa firjin ya mutu.